Duba-Garin Da Ba Su Da Albashi: Aikin Ungulu, Kura, Buzuzu Da Gara

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce ya san ba a raba mayanka da ungulu. Da zarar an kayar da sa an yanka, tun mahauta ba su gama fiɗa ba, sai a ga ungulaye sun jeru bisa katanga da rassan tsamiya suna jiran rabonsu. Haka abin yake a bakin kasuwa, haka a kan juji, haka kuma a bayan gari inda akan ja mushen jaki a yar. A yau kuwa yaro yana iya gama makarantar sakandare a manyan garuruwan Arewa bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai dai ya ji sunanta a cikin karin magana.

Mutane da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Wasu ma cewa suke yi an huta da ƙazamar tsuntsuwa. Amma masana ilmin halittu suna ganin abin da wani ido dabam, domin ungulu tana cikin wani rukuni na halittu waɗanda abincinsu shi ne abin da ya mutu ko ya ruɓe, wato mushe da kashin dabbobi da busassun ganyaye da karan gona. Waɗannan halittu su ne duba-garin daji da gona. Ba su da ofis, ba su da albashi, amma in suka ajiye aiki, lafiyar jama'a da albarkar ƙasar noma ne za su biya bashin.

Yadda Aka Raba Aikin

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, sinadaran da tsiro yake bukata don ya rayu ba su da yawa a cikin ƙasa, juya su ake yi. Gero yana zuƙar naitirojin da fosfaras da fotashiyam daga ƙasa, wato sinadaran nan uku da manomi yake saye a buhun takin zamani. Saniya ta ci karan geron, sinadaran su koma jikinta. In ta yi kashi, ko ta mutu, sinadaran suna nan a ɗaure cikin kashin ko gawar, kuma saiwar tsiro ba ta da ikon ɗaukarsu a haka. Sai an sami wanda zai kwance su ya mayar da su ƙasa kafin wani tsiron ya amfana.

Masana sun kasa masu wannan aiki kashi uku. Kashi na farko su ne masu cin mushe, kamar ungulu da kura da dila da hankaka, da kuma tsutsotsin ƙudaje. Kashi na biyu su ne ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da matattun itatuwa, irin su buzuzu da gara da tana da ƙadandoniya. Kashi na uku kuwa su ne ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, tare da dangin funfuna da naman kaza. Waɗannan na ƙarshe su ne ke narkar da abin baki ɗaya har ya koma sinadari. Amma aikinsu yana da nawa ƙwarai in ba a daddatsa musu abin ba. Dabbobin kashi na farko da na biyu su ne ke yayyaga shi, su niƙa shi a cikinsu, su cusa shi cikin ƙasa, ta yadda abin da zai ɗauki shekara yana ruɓewa sai ya ƙare cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni.

Ungulu Ba Ta Jewar Banza

A cikin masu cin mushe babu gwani kamar ungulu. Jikinta duka an shirya shi ne don wannan sana'a. Sanƙon nan da ake yi mata dariya a kansa yana da amfani, domin da tana da gashi a kai da wuya, da jini da ƙazanta sun riƙa maƙalewa duk lokacin da ta cusa kai cikin gawa. Fukafukanta masu faɗi suna ba ta damar hawa iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, ta yi ta shawagi sa'o'i ba tare da ta gaji ba, tana duba ƙasa mai faɗin gaske. Kowace kuma tana lura da 'yar'uwarta, in ɗaya ta sauka sauran su biyo. Shi ya sa mushe ba ya daɗewa kafin a taru a kansa, kuma garken manyan ungulaye yana iya cinye naman babbar dabba cikin ɗan lokaci, ya bar ƙashi da fata.

Babbar ungulun daji da ake kira maiki ita ce ke riƙe da kambin tashi sama a cikin tsuntsaye. A shekarar 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya daga cikinsu a sararin samaniyar Abijan, yana tafiya a tsayin mita 11,300 daga ƙasa. Daga ragowar gashin da aka samu a injin jirgin aka gane ko wace tsuntsuwa ce.

Amma babban abin mamaki yana cikin tumbinta. Ruwan da ke narkar da abinci a cikin ungulu yana da tsami da ƙarfi fiye da na yawancin dabbobi, har yana kashe ƙwayoyin cututtuka masu yawa waɗanda da kare ko ɓera ne ya ci, da ya kamu ko ya yaɗa su. Saboda haka cutar da ta shiga cikin ungulu galibi tafiyarta ta ƙare ke nan. Sai dai tsuntsuwar tana da rauni guda: ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, ɗanta kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya isa haihuwa. In aka kashe ɗari a rana ɗaya, mayar da gurbinsu aikin shekaru ne masu yawa.

Abin Da Ya Sami Ƙasar Indiya

Wanda yake shakkar amfanin ungulu sai ya dubi abin da ya faru a Indiya. Ƙasar tana da shanu masu ɗimbin yawa, kuma mabiya addinin Hindu ba sa cin naman shanu. In saniya ta mutu sai a feɗe fatar a bar gawar a fili, ungulaye su yi sauran aikin. A shekarun 1980 an ƙiyasta yawan ungulayen ƙasar da miliyoyi goma-goma.

Daga shekarun 1990 sai aka ga suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa, ba a san dalili ba. An yi ta zargin wata sabuwar annoba. Sai a shekarar 2003 wani likitan dabbobi ɗan Amurka mai suna Lindsay Oaks da abokan aikinsa, waɗanda suka yi bincike a Pakistan, suka gano bakin zaren, aka kuma buga sakamakon a mujallar kimiyya ta Nature a 2004. Ashe wani maganin ciwon jiki ne mai araha da ake kira dikilofenak, wanda makiyaya ke yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci naman sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Lissafi ya nuna ko da ƙasa da gawa ɗaya cikin ɗari ce ke ɗauke da maganin, ya isa ya jawo wannan ɓarna, tun da yake ungulaye a taro suke ci. Tsakanin 1992 da 2007 wani jinsi daga cikinsu ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Wato a inda dā ake da dubu, saura ɗaya.

Da ungulaye suka ɓace, gawawwakin shanu suka yi ta ruɓewa a bayan gari, wasu kuma aka riƙa jefa su cikin koguna. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci a yalwace, suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Mabiya addinin Farisawa na birnin Mumbai, waɗanda al'adarsu ce su ajiye mamatansu bisa hasumiya don ungulaye su cinye, su ma suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. A shekarar 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka buga wani bincike inda suka kwatanta gundumomin da dā suke da ungulaye da waɗanda ba su da su. Sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Indiya da Pakistan da Nepal sun haramta yi wa dabbobi amfani da maganin a 2006, Bangaladash ta bi sahu a 2010, aka kuma samo wani maganin mai suna meloksikam wanda ba ya cutar da ungulu. Raguwar ta lafa, amma har yanzu tsuntsayen ba su kama ƙafar yawansu na dā ba.

Gemun Ɗan'uwa Ya Kama Da Wuta

Nahiyar Afirka tana da jinsin ungulu 11, kuma labarinsu ba mai daɗin ji ba ne. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidayar tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da kusan kashi 95 cikin 100 a wuraren da ke wajen gandun daji, ungulun gari kuma ta ragu da kusan rabi. Wani babban bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya nuna jinsi takwas na ungulayen Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekaru 30. A wannan shekara ce Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya jinsi huɗu a cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa, har da maiki da ungulun nan ta gari da kowa ya sani.

Binciken ya nuna dalilai biyu ne ke gaba. Na farko guba ce, wadda ta ɗauki kashi 61 cikin 100 na mace-macen da aka rubuta. Makiyayi yakan barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushen saniyarsa don ya rama ɓarnar kura ko zaki, sai ungulaye su riga kurar zuwa. Masu farautar giwaye ba bisa doka ba kuma da gangan suke sa wa gawar guba, don kada shawagin ungulaye ya tona musu asiri ga ma'aikatan gandun daji. A ƙasar Botsuwana, a shekarar 2019, ungulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku.

Dalili na biyu shi ne cinikin sassan jikin ungulu don tsibbu da maganin gargajiya, wanda ya ɗauki kashi 29 cikin 100, kuma a nan Afirka ta Yamma ne abin ya fi ƙamari. Akwai masu camfin cewa kan ungulu yana kawo sa'a ko buɗe ido. A shekarar 2020 an kashe ungulayen gari sama da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka tarar an yanke kawunan da yawa daga cikinsu. Masu bincike sun sha bayyana kasuwannin Nijeriya a matsayin manyan wuraren da wannan haja take ƙarewa, har ma ana shigo da ita daga ƙasashen maƙwabta tun da ta gida ta yi ƙaranci. A 2017 ƙasashen duniya suka amince da wani shirin ceton ungulayen Afirka da Turai da Asiya a wani taro da aka yi a birnin Manila, a gida kuma Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya tana ta faɗakar da masu maganin gargajiya su koma ga amfani da tsirrai.

Kura Mai Baƙin Jini

Kura ma tana cikin masu wannan aiki, ko da yake a tatsuniya kullum ita ce wawiya mai kwaɗayi. Binciken da Hans Kruuk ya yi a dazuzzukan Tanzaniya, wanda ya buga a 1972, ya nuna kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta sosai, kuma sau da yawa zaki ne ke ƙwace abin da ta kama. 'Yar'uwarta sayaki ita ce ta fi dogara ga mushe. Amma dukansu suna da muƙamuƙi mai fasa ƙashi da ciki mai narkar da shi, saboda haka abin da ungulu ta bari su suke ƙarasawa.

A ƙasar Habasha an daɗe da sanin amfaninta. A tsohon birnin Harar kuraye suna shiga gari da dare suna cinye ƙazantar mayanka, har akwai masu ciyar da su da hannu a bayan ganuwa. Wani bincike da aka buga a 2021 game da birnin Mekele ya ƙiyasta cewa kurayen da ke kewayen garin suna cinye tan 207 na mushe da tarkacen yanka a kowace shekara, wanda hakan yana rage yaɗuwar ciwon saifa da tarin fuka na shanu a tsakanin mutane da dabbobi. Wannan ba ya nufin makiyayi ya bar garkensa a sake. Abin nufi shi ne, shinge mai ƙarfi da tsaro da dare sun fi guba, domin guba ba ta tambayar sunan wanda ya ci.

Buzuzu Da Darasin Ostireliya

Buzuzu, wanda wasu ke kira gungura-kashi, ƙwaro ne da yara ke wasa da shi a bayan gari da damina. Akwai dubban jinsinsa a duniya, kuma sana'arsu iri uku ce. Wasu suna dunƙula kashin shanu su gangara da shi nesa su binne. Wasu suna haƙa rami a ƙarƙashin kashin su ja shi ciki. Wasu kuma a cikinsa suke zama. Macen takan sa ƙwai a cikin dunƙulen, ɗan ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci. Ta wannan hanya taki yana shiga ƙasa kafin rana ta ƙone amfaninsa, ramukan suna shigar da ruwa da iska, ƙwayayen ƙudaje da na tsutsar ciki kuma ba sa samun wurin girma.

Misirawan dā sun girmama wannan ƙwaro har suna sassaƙa siffarsa a jikin hatimi da kayan ado. A zamanin nan ma bai daina ba masana mamaki ba. A 2013 Marie Dacke ta Jami'ar Lund da ke Siwidin, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa wani buzuzun Afirka ta Kudu yana bin hasken farin layin taurarin nan da ke ratsa sama don ya miƙe hanya da dare in babu wata.

Ƙasar da ta fi kowa sanin darajarsa ita ce Ostireliya. Babu shanu a can sai da Turawa suka kai su a 1788. Buzuzun ƙasar ya saba ne da busasshen kashin dabbobi irin su kangaru, bai san yadda zai yi da na shanu ba. Saniya ɗaya kuwa tana yin kashi sau goma ko fiye a rana. Sai kashin ya riƙa bushewa a kan ciyawa wata da watanni, ya rufe makiyaya, ƙudaje suka addabi mutane da dabbobi. Wani masanin ƙwari ɗan asalin Hangari, George Bornemissza, ya ba da shawarar a shigo da buzuzu daga ƙasashen da suka saba da shanu. Hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta gudanar da shirin daga 1965 zuwa 1985, ta kawo jinsuna da yawa, galibi daga Afirka da kudancin Turai, 23 daga ciki suka zauna da gindinsu. A wasu yankunan ƙudajen sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A Amurka kuma wani lissafi na 2006 ya nuna buzuzu yana ceto wa masu kiwon shanu dala miliyan 380 a shekara.

Abin da wata ƙasa ta kashe kuɗi da shekaru ashirin tana nema, makiyayin ƙasar nan ya same shi kyauta. Sai dai akwai abin lura: maganin tsutsar ciki da ake kira ibamektin yana fita tare da kashin dabba da sauran ƙarfinsa, yana kuma kashe 'ya'yan buzuzu. Yin amfani da shi barkatai, ba tare da shawarar malamin dabbobi ba, yana da illa ga makiyaya.

Gara: Ɓarna A Gida, Gyara A Gona

Babu ma'aikacin ofis da bai san ɓarnar gara ba, wadda takan cinye fayil da kanta da ƙyauren ƙofa. Manomi ma ya san ta a rumbu da danga. Wannan duk gaskiya ne. Amma a ƙasashe masu dogon rani irin na Sahel, inda ƙasa ke bushewa wata bakwai ko takwas, gara ce babbar mai sarrafa busasshiyar ciyawa da kara da itace. Zago, mai gina manyan surrai, noma ma yake yi a cikin gidansa: yana tauna itace ya jera shi a ɗakuna, ya shuka wata irin funfuna a kai, funfunar ta narkar da itacen, shi kuma ya ci. Ƙasar suri takan fi ta kewayenta yumɓu da sinadarai, shi ya sa akan ga itatuwa sun yi kore shar a gefensa.

Manoman Burkina Faso da Nijar sun mayar da gara ma'aikaciyarsu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, filaye masu yawa sun zama faƙo, ruwan sama yana zuba ya gangare bai shiga ba. A yankin Yatenga wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da wata tsohuwar dabara da suke kira zai. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka a faƙon, faɗin kowane kamar taki ɗaya na hannu ko fiye kaɗan, a zuba tafin taki ɗaya ko biyu a ciki. Takin sai ya jawo gara, ita kuma ta huda ƙasar da hanyoyinta. In damina ta faɗi, ruwa ya taru a ramin ya bi hanyoyin nan ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je suka gani, suka dawo da dabarar gida, inda ake kiranta tassa. Da ita aka farfaɗo da dubban kadada na filayen da aka riga aka fid da rai da su. Sawadogo ya sami lambar girmamawa ta duniya a Siwidin a 2018, ya rasu a 2023.

Tana, Garmar Da Ba Ta Hutawa

A fadama da lambu da duk inda ƙasa ke da laima, tana ce ke riƙe da aikin. Tana haɗiyar ƙasa tare da ruɓaɓɓen ganye, ta fitar da ita a niƙe, cike da abincin tsiro. Charles Darwin, shahararren masanin halittu na Ingila, ya shafe kimanin shekaru arba'in yana lura da ita, littafinsa na ƙarshe kuma, wanda ya fito a 1881, a kanta ya rubuta shi. Ya lissafta cewa a wurare da yawa na Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana a eka ɗaya ta wuce tan 10 a shekara. Wani bincike na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 6.5 cikin 100 na hatsin da duniya ke nomawa albarkacin tana ne, a Afirka kudu da Sahara kuma rabon ya kai kusan kashi 10, saboda manoman yankin ba su da halin sayen takin zamani da yawa.

Abin Da Ya Rage Ga Hukuma Da Jama'a

A shekarar 1985 gwamnatin mulkin soja ta ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta, aka riƙa fitowa share gari a ƙarshen wata. Tsabtar gari abu ne mai kyau, amma shara da tsintsiya ba su isa su yi aikin da waɗannan halittu ke yi a daji da gona ba. Kare su kuwa ba ya bukatar kuɗi masu yawa.

Da farko, ya kamata ma'aikatun gona da na lafiyar dabbobi su sa ido a kan irin magungunan da ake sayarwa a kasuwannin kara, musamman dikilofenak, su kuma koya wa makiyaya wanda ba shi da illa. Haka nan sayar da maganin ƙwari mai guba ga duk wanda ya miƙo kuɗi yana bukatar ƙa'ida. Dabbar da ake zaton annoba ce ta kashe ta, a sanar da malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi, kada a feɗe ta, kada kuma a sa mata guba a bar ta a fili.

Na biyu, ƙasar nan tana da dokar hana fataucin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016. Doka a takarda ba ta tsare kasuwa. Sarakuna da hakimai da shugabannin masu maganin gargajiya su ne maganarsu ta fi shiga kunnen jama'a, kuma da taimakonsu ne za a iya kashe kasuwar kan ungulu. Manyan itatuwa irin su tsamiya da kuka da rimi, inda ungulu ke sheƙa, su ma suna bukatar a bar su a tsaye.

Na uku, malaman gona su ci gaba da jan hankalin manoma game da ƙona daji da kwashe kara ƙaf daga gona. Wuta tana cinye abincin gara da tana, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwa. Ledar da ake zubarwa tare da shara kuma babu ƙwaron da ke iya narkar da ita, don haka ya kamata a tsince ta daga takin juji kafin a kai shi gona.

Ga ɗalibai kuwa, wannan fage ne da ke neman ma'aikata. Ƙidayar ungulayen da suka rage a mayankar wani gari, ko tattara jinsunan buzuzun wata makiyaya, aiki ne da ɗalibin jami'a ko na kwalejin aikin gona zai iya yi da littafi da fensir, kuma zai amfani hukuma wajen tsara shiri. Indiya ba ta san darajar ungulunta ba sai da ta rasa ta, ta kuma biya da rayukan jama'arta. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.